Mota Mai Sitiyari a Dama

Na tuƙa motoci iri-iri a rayuwata, tun daga akwalar lori mai ɗaukar auduga har zuwa bas ɗin alhazai, kuma kowace na sauka daga cikinta na manta da ita. Guda ɗaya ce har yau ba ta sauke ni ba. Baƙa ce, ƙirar Ingila, mai ƙofa huɗu, sitiyarinta a dama. Na riƙe ta a Makka a farkon shekarun sittin na lissafin Turawa, lokacin da ake rushe tsofaffin gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa masallacin.

Ni mutumin ƙasar Kano ne. Na bar gida ina saurayi da niyyar hajji, a ƙasa, ta Barno da Cadi, yadda talaka ke yi a wancan zamani. Guzuri ya ƙare mini a Sudan, na ce bari in yi damina ɗaya a Wad Madani, damina ɗaya ta zama bakwai. A nan na koyi tuƙi, a nan na auri 'yar wani mutumin Haɗeja, daga nan muka ƙetare ruwa zuwa Jidda. Muka sauke farali, muka ga ba abin da za mu koma da shi gida, sai muka zauna. Muka sami ɗaki biyu a unguwar Misfala ta Makka, can kan tudu inda jakin mai ruwa ma sai ya yi shawara kafin ya hau. Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu. A Sudan ta lokacin, kamar a gida, hagu ake bi a titi, direba yana zaune a dama. A Hijaz dama ake bi.

Mai motar wani attajirin Makka ne, mai fataucin yadi da turare. Ya saye ta a Jidda, ya kawo ta gida yana hura hanci, sai ya rasa mai tuƙa masa. Direbobi biyu suka gwada. Na farko ya goga ta da bango, na biyu ya ce shi ba zai zauna a kujerar fasinja ya ce wai tuƙi yake ba. Sai wani ya ba shi shawara ya nemo ɗan Takari wanda ya biyo ta Sudan. 'Yan Takari mu ne, baƙaƙen da suka zo daga yamma suka zauna. Aka nemo ni a tashar lori, hannuna duk baƙin mai.

"Za ka iya da ita, ya sawwag?" in ji shi.

Sawwag shi ne direba a bakinsu, kuma shi ne sunana a gidan har na bar aiki. Na ce, "Ammi," haka ake kiran babban mutum a can, "da irin wannan hannun aka yaye ni." Ya yi dariya ya miƙo makulli.

Tarihin motar a bakin wani tsohon Bature na ji shi, bakanike a wani gareji a Jidda. Shi kaɗai ya san cikinta, kuma ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon wuce iyakar Harami, don haka duk wata ni nake kai masa ita. Ya taɓa zama a Hartum, sai muka riƙa hira da Larabcin Sudan, nasa a karye, nawa a karye. Ya ce an ƙera ta 'yan shekaru bayan yaƙin duniya, kuma irinta ba a zuba su kamar ƙosai. Masu inji su yi inji da ƙashin ƙarfen da ke ƙasa, su miƙa wa wasu masu sana'a daban su ɗora jiki da hannu, gwargwadon abin da mai saye ya ce yana so. Wanda ya fara mallakarta wani babba ne a harkar jiragen ruwa a birnin Adan, inda ake bin hagu, shi ya sa sitiyarin ya zauna a dama. Da yake ƙasar zafi za ta, aka sa mata babbar fanka a bayan lagireto. Daga Adan wani ya hau jirgi da ita zuwa Jidda, da zai koma ƙasarsu ya sayar wa mai gidana.

In Baturen ya ɗaga murfin injin, wanda ke buɗewa gefe da gefe, sai ya cire hularsa, ban sani ba ko zafi ne ko ladabi. Silinda shida a jere, kafireto biyu, giya huɗu masu canza kansu, ba ruwanka da kuloci. Birkinta na ganga ne, amma akwai wani ɗan faifai a jikin akwatin giya da ke taya ƙafarka dannawa, don nauyinta ya fi ƙarfin ƙafar ɗan Adam. A ƙarƙashin allon gaba akwai wani ɗan abin takawa, ka taka shi sau ɗaya da safe ya aika mai zuwa duk gaɓoɓinta. Kujerun fatar shanu ne, mai laushi, babu tabo ko ɗaya. Allon gaba katako ne mai zane, an goge shi har kana ganin haƙoranka. Akwai gilashi tsakanin direba da masu gida, mai hawa da sauka, akwai ƙananan tebura biyu masu naɗewa a bayan kujerun gaba, akwai akwatin sifana kowace da gurbinta. Agogon gudu mil yake ƙirgawa. Har abin ɗumama ciki aka sa mata, a Makka, garin da ƙarfe ke ƙona hannu tun da hantsi. Ban taɓa murɗa shi ba, ban ma san ko yana aiki ba.

A kan hancinta da can akwai wani ɗan mutum-mutumi na farin ƙarfe. Mai gida ya sa aka kwance shi kafin ta shigo gari, ya ce gunki ba zai shiga Makka a motarsa ba, aka toshe gurbin da murfi. Baturen ya ajiye abin a aljihun teburinsa, duk zuwan da na yi sai ya ciro ya nuna mini, fuska a ɓace kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Amma abin da ya fi alfahari da shi shi ne shirunta. Yakan tsayar da riyal na azurfa a kan gefensa bisa injin yana aiki, ya ja da baya ya harɗe hannu, riyal ɗin ba zai faɗi ba. In tana tafiya ba ka jin komai sai tayoyi suna taka tsakuwa. Ni ma na yi alfahari da wannan, ba zan yi ƙarya ba. Ina wanke ta kafin in karya kumallo. In na bi ta Mansur, inda mutanenmu ke da 'yan shaguna da tukwanen abinci, masu tsire suna ɗaga mini wuƙa, tsofaffi suna cewa ga namu a motar sarauta, ni kuwa ina gyara zaman hula. Ƙarshenta na gani bayan shekaru masu yawa a unguwar Shisha, bayan wata katanga, ba tayoyi, kaji suna kwana a kan fatar. Ban tsaya ba.

Mai gida yana da doka ɗaya, ba a danna ham in yana ciki. "Ham na 'yan lori ne," in ji shi. To, Makka gari ne da ake tafiya da kunne. Lunguna ƙunci, mutane ba sa waiwaye, ɗan dako yana ihun "Tarig, ya hajj" a ba shi hanya, lori kuwa tun daga nesa kake jin tarinsa. Baƙon da ya shigo gari idonsa na sama, yana neman hasumiya. Na faɗa wa mai gida sau ɗaya, ya ce mutane suna da ido. Na ja bakina, don ba na son in koma tashar lori. Ba na faɗin wannan don in ɗora masa laifi. Hannuna ne a kan sitiyari.

Wata safiya ce a watan Zulƙida, alhazai sun fara cika gari. Na ɗauko mai gida daga kantinsa za mu wajen Mansur ganin wani fili. Titin sabo ne, mai faɗi, ba cunkoso, kuma ba gudu nake ba. Sai jakin wani mai ruwa ya firgita ya faɗo tsakiyar titi, garewaninsa suna ƙara. Damana fili ne fetal, ko makaho zai wuce. Shekara uku ina tuƙi a Hijaz ban taɓa kuskure hannu ba. Amma a wannan ƙiftawar ido hannuwana ba su yi shawara da ni ba, suka koma Wad Madani, suka ja hagu, inda suka san gefen hanya yake. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ni ne wawan.

A gefen hagun akwai mutum yana tafiya, ya ba ni baya, sanye da harami, fararen mayafai biyun nan na mai shigowa ibada. Ina zaune can dama, dogon hancin mota tsakanina da shi, sai da ya rage taku biyu na gan shi. Bai ji ni ba. Bai waiwayo ba ko kaɗan. Na taka birki, birkin ya kama yadda Baturen ya ce zai kama, amma ya makara. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an sauke buhun gero daga kan amalanke.

Na fita na durƙusa a kansa. Dattijo ne dogo siriri, da zanen Gobirawa a kumatu, tafin ƙafarsa duk faso. Babu jini sai kaɗan a kunne. Na ce, "Sannu, Baba, sannu," ban ma san da Hausa na faɗa ba. Da ya ji Hausa sai ya buɗe ido ya kama rigata.

"Ɗana, tana ƙohwa," in ji shi. "Na ce mata kar ta tashi."

"Wa, Baba? Wace ƙofa?"

"Na ce kar ta tashi sai na dawo."

Daga nan sai kalmar shahada, ina faɗa yana bi. Harami ba shi da aljihu. Ba takarda a jikinsa, ba komai da zai ce ga sunansa, ga garinsu.

Kwana huɗu na yi a hannun 'yan sanda kafin mai gida da shaidu su fitar da ni, a kan cewa kuskure ne ba ganganci ba. Ba wanda ya taɓa ni. Abin da ya dame ni shi ne wata mata tana zaune a wata ƙofa, an ce mata kar ta tashi, kuma duk duniya ni kaɗai na sani. Na faɗa wa askarin da ke gadi. Ya ce, "Ayy bab, ya Takruni? Wace ƙofa, ɗan Takari? Ka san ƙofofin Harami nawa ne?" Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. Na faɗa wa matata da ta kawo mini abinci. Ta goya 'yarmu ta zaga masallacin sau biyu, ta dawo ta ce duk ƙofar da ta je mata masu jira ne birjik, wace za ta tambaya?

Ranar da aka sake ni ban nufi gida ba, Harami na nufa. Ga ƙofofi na da, ga sababbi, wasu an toshe su da katako, ko'ina ƙurar rusau da ƙarar injinan gini. Na yini ina leƙa fuskokin matan mutane har wani Bamisire ya zage ni, kuma ya yi daidai. Washegari bayan azahar na gan ta, a wata ƙaramar ƙofa ta ɓangaren kudu. Kowa a wurin fuskarsa na cikin masallaci, ita kaɗai ta ba Ka'aba baya tana kallon titi. Tabarma biyu, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a naɗe. Buta biyu. Duk namiji mai harami da ya wuce sai ta ɗaga kai ta bi shi da ido.

Na tsuguna na gaishe ta. Na ce, "Inna, mai gidanki Bagobiri ne, dogo siriri?"

"Shi ne. Ina kag gan shi? Ya ce bari shi tahi Mansur shi biɗo muna 'yan garinmu mu samu wurin kwana. Yau kwana shidda."

Tun a hanya na shirya maganata tsaf. Zan ce mota ta buge shi, ni ne direban, ga ni. Na buɗe baki na ce mota ta buge shi, ya cika a hannuna da shahada, kuma maganarsa ta ƙarshe a kanki ce. Duk gaskiya ne. Na tsaya a nan kafin in kawo sauran. Ta yi salati, sai na ji hannunta a kaina.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ba ka san ni ba, ban san ka ba, kab bi ƙohwa-ƙohwa kana biɗata. Allah shi ba ka ɗiya masu jin ƙanka."

Albarkar nan ce ta rufe mini baki. Na ji daɗinta, wannan shi ne abin kunyar. Na ce a raina gobe zan faɗa, in ta ɗan huce. Na naɗe tabarmarta na ɗauki butocin biyu, muka kama hanyar Misfala, ina gaba tana baya.

Ba ta da kowa a garin. Shekara biyar suka yi a hanya su biyu, yau noma a gonar wani, gobe tsinkar auduga, kuma da safiyar ranar da na buge shi suka shigo Makka. Matata ta share mata ɗakin ciki, a nan ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma. Na gaya mata an binne shi da haraminsa, kai a buɗe, yadda ake yi wa wanda ya rasu a cikinsa, ta ce to ya fi ta sa'a. Hakkin jini ya bi ta hannun shugaban unguwa ya iso gare ta, aka ce daga masu motar ne, ba ta tambayi su wane ne ba. Da hajji ya zo, matata ta riƙe hannunta suka hau Arfa tare.

Duk 'yan Takarin Misfala sun san ni ne. Mata suna zuwa gaisuwa, su zauna su tashi, ba wadda ta ce uffan. Mu haka muke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kowa ya bar mini maganata in faɗa da bakina. Da wata ta yi suɓutar baki da ta taimake ni. Matata ce kaɗai ba ta raga mini.

"Malam, yau kwana nawa? Baiwar Allah tana sa maka albarka safe da yamma, ba ka jin nauyi?"

"Gobe."

"Goben nan taka ba ta da rana? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe.

Motar kuwa na ci gaba da tuƙa ta, iyali ba sa cin nadama. Na kai wa Baturen, ya buga lotsawar kafaɗar hagu daga ciki, ya shafa fenti hawa-hawa ya goge, sannan ya kira ni ya ce in nuna masa wurin in na isa. Na ɗora yatsa a kai ban ko duba ba. Tun daga lokacin shirun da nake alfahari da shi ya zame mini azaba. A lori ƙarar inji tana cika maka kai, ba ka jin tunaninka. A wannan motar babu abin da ke shiga tsakaninka da abin da ka aikata. Ina tuƙi sai in ga fari a gefen idona na hagu, in taka birki, in duba ba kowa, ko kuwa tsumma ne a kan igiya. Wani lokaci in ji an ja gaban rigata, daidai inda dattijon ya kama. Na fara danna ham a kowace kwana, da mutum da ba mutum. Mai gida ya ƙwanƙwasa gilashi sau ɗaya, na dube shi ta madubi, bai sake ba.

Sai maganar kaffara. Wanda ya kashe rai bisa kuskure azumin wata biyu ne a kansa, a jere, in ya sha ɗaya ba da uzuri ba ya koma farko. Na jira kwanakin Sallah suka wuce na ɗauka. A nan na yi wautar da har yau nake mamakinta. Wai zan yi azumin kwana sittin a gida mai ɗaki biyu, tsohuwa tana zaune a ɗayan ba ta zuwa ko'ina, kuma ba za ta lura ba. Na ce wa matata in tsohuwa ta tambaya a ce nafila ce. Wace nafila ce ke tafiya Litinin zuwa Litinin ba hutu? Ko wadda ta yi shekara biyu a makarantar allo ta san abin da ke sa namiji azumin wata biyu, kuma dalilan ba su da yawa.

Ba ta tambaya ba. A cikin mako na biyu na dawo gab da magariba na tarar da kwanon fura a bakin ƙofa, damun mutanen Gobir, mai kauri. Matata ta ce ba ita ba ce. Daga ranar kullum haka. Matata ta sayo gero a Mansur, tsohuwa ta daka ta dama, ta turo kwanon ta ƙarƙashin labule. Sai dai wani abu ya canza, kuma sai da na yi kwanaki kafin in gane mene ne. In na gaishe ta tana amsawa, tana tambayar aiki da gajiya. Albarkar ce ta daina sa mini.

Ranar da na cika ban faɗa wa kowa ba, matata ma ta ɓata lissafi. Na sha ruwa, na ɗaga kwanon fura, sai muryar tsohuwa ta fito daga bayan labule.

"Gobe sai ka ci abinci da rana, ɗana. Sun cika."

Na riƙe kwanon ina kallon labulen. Taku uku ne tsakanina da shi. Ta buɗe mini hanya, abin da ya rage in bi kawai. Na ce, "Na gode, Inna," na tashi na tafi masallaci. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ba tsoron tonon asiri ba, ai kowa ya sani, ita ma ta sani. Tsoro nake in ga fuskarta lokacin da maganar za ta fito daga bakina. Na gwammace kwana sittin na ƙishirwar Makka da wannan tsugunawa ɗaya, kuma ban san sunan da zan ba kaina ba in ba matsoraci ba.

Da ta fita takaba aka sami ayarin mutanen ƙasarsu masu komawa, ta jirgin ruwa zuwa Sudan, daga can su bi lori. Muka roƙe ta ta zauna, ta ce tana da 'ya'ya a gida da ba su san sun zama marayu ba. Mai gida ya ji labari ya ce in kai ta Jidda a motarsa, a ganinsa karamci ne. Na so in ce a'a, na rasa dalilin da zan bayar. Ta sauko daga tudu da ƙunshinta, ta tsaya a gaban motar ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi bisimilla ta shiga baya, ita da matata da 'yarmu.

Hanyar Jidda ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Na sauke gilashin tsakiya tun kafin mu tashi, na ce a raina da mun wuce iyakar Harami zan faɗa. Muka wuce. Na ce to a Bahra, inda ake tsayawa shan shayi. Muka wuce Bahra. Ba wanda ya yi magana, motar ma ba ta taimake mu da ko ƙara ɗaya ba. Ta madubi ina ganinta zaune a bakin kujera, ba ta jingina ba, ba ta taɓa komai ba, ƙunshinta a cinya.

A bakin ruwa muka tarar da mutanen ayari sun taru da kayansu cikin rana. Ta rungume matata suka yi kuka, ta karɓi 'yarmu ta tofa mata addu'a a ka. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, kai direba ne, kun san juna. Wanda yab buge malam, ka san shi?"

"Na san shi, Inna."

"To ga saƙo. Ka hwaɗa mishi, mutuwa ban riƙe shi da ita ba. Kwana ne yaƙ ƙare, kuma malam ya samu abin da yaz zo nema, ya kwanta Makka da haraminai. Azumi kuma tsakaninai da Allah ne. Amma wata huɗu da kwana goma ina zaune ina jiran shi zo shi tsuguna gabana shi ce, Inna, ni ne. Bai zo ba. Wanga ban yahe ba."

Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana dubana ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Matata ta ja gefen rigata. Jagoran ayari yana kira a shiga layi. Kalma biyu ce, yaro mai koyon magana ma zai iya faɗa. Na ji su sun taso har bakina.

Na ce, "Zan faɗa masa, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗora ƙunshinta a ka ta bi layi, na bi ta da ido har ta shige cikin mutane.

Ban sake jin labarinta ba. Na tambayi alhazan Gobir shekara da shekaru, ba wanda ya san ta, ko kuwa ni ne ban iya tambaya ba. Yanzu na girmi dattijon da na buge, ita kuwa ta daɗe a ƙasa. Saƙonta ya isa hannun mai shi tun kafin ta rufe baki. Amsar ce ta makara, kuma ga ta na rubuta ba mai karɓa. Inna, ni ne.